Hular Ƙarfe Mara Tsatsa: Kwalkwalin da ke Ceton Haƙoran Yara

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san haƙorin Makka. Idan alhazai suka dawo daga aikin Hajji, akan ga wasu daga cikinsu, musamman mata, da haƙori ɗaya ko biyu masu ƙyalli, na zinariya ko na azurfa, waɗanda aka sanya a kan lafiyayyun haƙora domin ado da kuma shaidar cewa mai su ya sauke farali. Saboda wannan sabo ne, idan yaro ɗan shekara biyar ko shida ya buɗe baki aka hango ƙarfe yana walƙiya can cikin turamensa, sai a yi tsammanin kwalliya ce iyayensa suka yi masa. Alhali kuwa abin da ke bakin yaron magani ne. Wata 'yar hula ce ta ƙarfe mara tsatsa wadda likitan haƙori yake kifawa a kan turmin da ya yi kogo, domin ta kare shi har zuwa lokacin da zai faɗi da kansa.

Tambayar da iyaye da yawa suke yi ita ce: mene ne amfanin wahala da kashe kuɗi a kan haƙorin da zai zube? Ai yaro zai yi famfara, wani ya fito. Wannan tunani shi ne ya jawo wa ɗimbin yara kwana cikin kuka, da fashin makaranta, da kuma karkatattun haƙoran da za su zauna da su har tsufa. Amsar tambayar tana tattare da sanin abubuwa uku: aikin da haƙoran yarinta suke yi, yadda kogo yake samuwa, da kuma sirrin ƙarfen da yake shekaru a cikin miyau bai yi tsatsa ba.

Haƙoran Yarinta da Aikinsu

Ɗan Adam yana yin haƙora sau biyu a rayuwarsa. Na farko su ne haƙoran yarinta, guda 20, goma a sama goma a ƙasa. A kowane muƙamuƙi akwai haƙoran gaba huɗu na gatsa, fiƙa biyu na yaga, da turame huɗu na tauna. Suna fara tsirowa ne jariri yana da kimanin wata shida, su kammala kafin ya cika shekara uku. Na biyu su ne haƙoran girma, guda 32, waɗanda idan ɗaya ya tafi babu wani mai maye gurbinsa.

Famfara tana farawa da haƙoran gaba, yaro yana da kimanin shekara shida. A nan ne yara kan toshe baki da hannu, saboda camfin nan na cewa idan ƙadangare ya ga giɓi haƙori ba zai fito ba. To amma turame ba sa cikin wannan zubi na farko. Turmin yarinta ba ya faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ke nan idan turmin ɗan shekara huɗu ya yi kogo, akwai sauran shekara shida ko bakwai a gabansa kafin magajinsa ya iso. Wannan lokaci daidai yake da dukan zaman da yaro zai yi a makarantar firamare.

Ban da tauna abinci da taimaka wa harshe wajen furta sautuka, haƙorin yarinta yana da wani aiki da ido ba ya gani. A ƙarƙashinsa, cikin ƙashin muƙamuƙi, haƙorin girma yana ginuwa a hankali. Na yarinta shi ne mai tsare masa wuri, shi ne kuma mai nuna masa hanya. Idan lokaci ya yi, saiwoyin na yarinta sukan narke kaɗan-kaɗan har ya fara girgiɗi ya faɗi, sabon ya fito daidai a gurbinsa. Idan kuwa aka cire shi tun da sauran lokaci, maƙwabtansa sukan karkato su cinye filin, ta yadda sabon zai zo ya tarar babu masauki, sai ya ɓullo ta gefe ko ya maƙale a cikin ƙashi.

Akwai kuma wani haƙori da ya kamata kowane malami da kowace uwa su sani. A shekara ta shida, turmin girma na farko yakan tsiro a bayan turamen yarinta ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda haka mutane da yawa suna ɗaukarsa na yarinta ne, su ƙyale shi ya ruɓe, alhali shi ne ginshiƙin da sauran haƙoran girma suke jeruwa a kansa.

Yadda Kogo Yake Samuwa

Ginin haƙori ya yi kama da tsarin tsohon birnin Kano. Daga waje akwai ɓawo fari mai ƙyalli da ake kira inamel, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin mutum, domin kimanin kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adinai ne na kalsiyam da fosfet. Shi ne tamkar badalar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa a ƙarni na 12. Bayansa akwai dantin, wanda ya fi laushi, mai ɗauke da dubban 'yan ƙananan hanyoyi kamar lungunan unguwa. Can a tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke, kamar yadda fada take a tsakiyar gari. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin inamel yana nan lafiya, cikin haƙori yana cikin aminci.

A da, al'ummomi da yawa na duniya sun yi imani cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har yau ma akwai masu faɗin haka. A shekarar 1890 ne wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna W. D. Miller, wanda ya yi aiki a Jamus, ya bayyana cewa ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a baki su ne suke cin ragowar sukari da sitaci, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da ma'adinan haƙori. A shekarar 1924 J. K. Clarke, a Ingila, ya ware ɗaya daga cikin manyan masu wannan ɓarna ya raɗa mata suna Streptococcus mutans. Waɗannan ƙwayoyi suna zaune ne a cikin farar dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori idan ba a goge shi ba.

Ɗaliban kimiyya sun san ma'aunin pH. A yawancin lokaci bakin mutum yana kusa da 7. 'Yan mintoci bayan an sha zaƙi, sai dauɗar da ke kan haƙori ta yi tsami, ma'aunin ya sauka. Da zarar ya yi ƙasa da 5.5, inamel ya fara narkewa. Miyau shi ne mai kawo ɗauki: yana wanke asid, yana kuma mayar da kalsiyam ɗin da ya zube, amma yana buƙatar kimanin rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya daidaita al'amura. Wannan ya nuna cewa yawan lokutan da ake shan zaƙi ya fi illa a kan yawan zaƙin kansa. Yaron da ya ci alkaki ko nakiya bayan abinci ya tashi, harin asid ɗaya ya samu. Amma wanda ya tsotsi alewa a hanyar makaranta, ya sayi iloka da tara, ya sha zoɓo mai sukari da aka tashi, ya ci tuwon madara a hanyar Islamiyya, sannan ya kwanta da shayi a bakinsa, bai bai wa miyau sararin gyara ba ko kaɗan. Da dare kuwa miyau yana raguwa ƙwarai, sai ƙwayoyin su kwana suna aiki babu mai hana su.

Alamar farko ita ce farin tabo kamar alli a jikin haƙori. A wannan mataki ana iya mayar da shi lafiya ba tare da an taɓa shi da inji ba. Idan aka bari, sai ɓawon ya rufta ya zama kogo. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 a duniya suna fama da ruɓewar haƙoran yarinta. Idan ruɓa ta isa ɓargo, sai zogi ya hana barci, dasashi ya kumbura ya tara mugunya, wani lokaci kumburin ya haura zuwa fuska. Mugunyar da ke ƙarƙashin saiwa tana iya ɓata haƙorin girman da ke ginuwa a wurin, ya fito da tabo ko nakasa.

Abin da Ya Sa Ciko Ba Ya Wadatarwa

Maganin kogo da kowa ya sani shi ne ciko: likita ya kankare ruɓaɓɓen wuri ya cike ramin. Idan kogon ƙarami ne kuma a saman haƙori yake, ciko ya isa. Matsalar tana tasowa ne idan ruɓa ta ci gefe biyu ko uku na turmin yarinta.

Dalili kuwa shi ne turmin yaro ƙarami ne, kaurin inamel ɗinsa kimanin rabin na babba ne, ɓargonsa kuma yana da girma idan aka kwatanta da jikin haƙorin. Saboda haka babu isasshen bango da zai riƙe babban ciko. Abin ya yi kama da yaɓe a jikin katangar da ta riga ta zaizaye: damina ɗaya ko biyu, sai yaɓen ya ɓamɓare ya tafi da wani sashe na katangar. Bugu da ƙari, cikon zamani mai launin haƙori yana buƙatar wuri busasshe kafin ya kama, alhali hana miyau kwarara a bakin yaro mai shekara huɗu, wanda yake motsi yana kuka, aiki ne ja. Da ciko ya tsage, ƙwayoyin cuta sun sami sabuwar ƙofa. Sau da yawa ƙarshen irin wannan haƙori shi ne cirewa.

Wannan ne ya sa likitoci suka nemi abin da zai lulluɓe haƙorin gaba ɗaya, kamar yadda kwalkwali yake rufe kan barde a ranar hawa. Amma da wane irin ƙarfe?

Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa

Kanawa ba baƙin ƙarfe ba ne. Binciken masana kayan tarihi ya nuna cewa ana narkar da tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin baka ya danganta kafuwar garin da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Kowane maƙeri ya san babban abokin gabar sana'arsa: tsatsa. Idan baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, sai ya rikiɗe ya zama jan gari mai ɓarɓashi. Wannan gari ba ya manne wa ƙarfen, zubewa yake yi, ya buɗe sabon wuri ga iska, har fartanya ko wuƙa ta cinye.

A shekarar 1913, a birnin Sheffield na Ingila, wani masanin ƙarafa mai suna Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai jure zaizaya a cikin bututun bindiga. Sai ya lura cewa ƙarfen da ya gauraya da kuromiyam mai yawa ba ya tsatsa, asid ma ba ya cin sa da sauƙi. A daidai wannan zamani kamfanin Krupp na Jamus shi ma ya samar da wani nau'i mai haɗe da kuromiyam da nikel. Daga nan aka sami ƙarfen da a yau ake yin cokula da kwanuka da kayan tiyata da shi, wanda a kasuwa ake kira silba, ko da yake babu azurfa a cikinsa.

Sirrin yana ga kuromiyam. Idan yawansa ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, yakan riga baƙin ƙarfe haɗuwa da oksijin, ya yi wata fata siririya ƙwarai wadda ido ba ya gani. Saɓanin tsatsa, wannan fata tana manne gam, ba ta barin ruwa ko iska su ratsa. Abin ban sha'awa kuma shi ne idan aka karce ta, sai kuromiyam da ke ƙasa ya sake haɗuwa da iska ya ɗinke wurin nan take. Shi kuwa nikel yana sa ƙarfen ya tanƙwaru ba tare da ya karye ba. Mai karatu zai iya duba bayan wasu cokula ya ga an rubuta 18/8, ma'ana kashi 18 kuromiyam, kashi 8 nikel. Hular haƙori daga dangin wannan haɗi take.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai wannan bambanci ba tare da kashe kuɗi ba. A sami kofi biyu na ruwan gishiri, a jefa ƙusa a ɗaya, a jefa cokalin silba a ɗayan, a ajiye mako guda. Ruwan ƙusa zai yi ja, cokali kuwa zai fito yadda ya shiga. Sai a tuna cewa bakin mutum ya fi wannan kofi tsanani: kullum a jiƙe yake, ga ɗumi na digiri 37, ga gishiri, ga tsamin tsamiya da lemo, ga zafin koko da sanyin ƙanƙara, ga kuma ƙarfin tauna ƙashi da rake da aya.

A shekarar 1950 ne wani likita a Amurka, William Humphrey, ya bayyana amfani da hular wannan ƙarfe ga turamen yara, kuma tun daga lokacin ake aiki da ita a duniya.

Yadda Ake Sanya Hular

Hular babban mutum, ta tangaran ko ta zinariya, sai an auna haƙorinsa an ƙera masa tasa shi kaɗai, abin da ke cin kuɗi da kwanaki. Ta yara kuwa a ƙere take zuwa daga masana'anta, cikin akwati mai gida-gida, kowane turmi da siffarsa, kowace siffa kuma da girma daban-daban har shida. Likita zaɓa kawai yake yi, kamar mai gwada hula a Kasuwar Kurmi. Kaurin jikinta bai kai kwatan milimita ba, bakinta kuma a ɗan tsuke yake. Shi kuwa turmin yarinta yana da ɗan tudu a kusa da dasashi, saboda haka idan aka danna hular sai bakinta ya buɗe ya haye tudun, sannan ya koma ya kama.

A tsohuwar hanya, likita yana yin allurar kashe zafi, ya kankare ruɓar, ya rage tsawon haƙorin da kimanin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya ɗan fere gefunansa, sannan ya gwada hular ya daidaita bakinta. Daga nan sai ya cika ta da wani siminti na musamman ya kifa. Idan ruɓa ta riga ta taɓa ɓargo, sai an fara yi wa ɓargon magani tukuna, hular ta zama murfi. Duka ana gamawa a zama ɗaya. Wani bita na bincike-bincike da ƙungiyar Cochrane ta wallafa a shekarar 2015 ya nuna cewa turamen da aka sa wa hula sun fi waɗanda aka yi wa ciko tsira daga ciwo da lalacewa a tsawon lokaci.

Dabarar Hall: Rufe Ƙofa a Kan Abokan Gaba

Abin da ya fi firgita yara a wurin likitan haƙori shi ne allura da ƙarar inji. Wata likita a arewacin Sikotilan mai suna Norna Hall, wadda yara masu kogo suka yi wa yawa, ta ɗauki wata hanya da ta saɓa wa abin da ake koyarwa a lokacin. Ba ta yin allura, ba ta kankare ruɓa, ba ta rage haƙori. Hular kawai take cikawa da siminti ta ɗora a kan haƙorin yadda yake, ta ce wa yaron ya ciza. Masana a Jami'ar Dundee suka bi diddigin aikinta suka wallafa shi a shekarar 2006, aka kuma sa wa dabarar sunanta.

Da jin wannan, mutum zai ce an rufe cuta ne a ciki. To amma ilmin halittu yana da amsa. Ƙwayoyin da ke cikin kogo rayayyu ne, kuma abincinsu daga baki yake zuwa. Idan aka toshe kowace kafa, sukari ya daina isa gare su, sai su daina fitar da asid, ruɓar ta tsaya cik. A nasa ɓangaren, ɓargon haƙori, da yake rayayye ne, yakan shimfiɗa sabon dantin daga ciki ya ƙara kaurin bangon da ke tsakaninsa da kogon. Mayaƙan da suka san haka tun da daɗewa: rundunar da aka yanke wa hanyar abinci ba ta buƙatar a yaƙe ta.

An gwada dabarar a kan yara 132 a Sikotilan, kowane yaro aka yi wa turmi ɗaya hula, takwaransa kuma ciko. Sakamakon da aka fitar a shekarar 2007 ya nuna cewa bayan kimanin shekara biyu, kashi 2 cikin ɗari ne kawai na masu hula suka sami babbar matsala irin ta mugunya ko mutuwar ɓargo, alhali a masu ciko kashi 15 ne. Yawancin yaran da iyayensu ma sun fi son hular. A nahiyar Afirka kuma, wani gwaji da aka yi a Sudan aka wallafa a shekarar 2019 ya kwatanta dabarar Hall da tsohuwar hanyar sa hula. Duka biyun sun yi nasara a fiye da kashi 90 cikin ɗari, amma ta Hall ta ɗauki kimanin minti 9, tsohuwar kuwa fiye da rabin sa'a, kuma ta Hall ta fi araha.

Darasin da ke cikin wannan ga wuri irin birnin Kano a fili yake. Inda yara suke da yawa, likitocin haƙori suka yi kaɗan, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, hanyar da ba ta dogara da inji ba, wadda ake gamawa cikin 'yan mintoci, tana iya kai magani ga yaran da a da cirewa ce kawai rabonsu.

Idan haƙoran sun matsu da juna, likita yakan sa 'yar roba a tsakaninsu na 'yan kwanaki domin a sami sarari. Bayan an sa hular kuma yaro zai ji haƙorin ya ɗan yi tsawo, amma cikin 'yan makonni cizonsa yakan daidaita da kansa.

Iyakokin Hular

Ba kowane haƙori ne ya dace da dabarar Hall ba. Sharaɗinta shi ne ɓargo ya kasance lafiya. Idan yaro yana tashi cikin dare saboda zogi, ko dasashi ya yi ƙurji, ko fuska ta kumbura, to ruɓa ta riga ta shiga fada, kuma rufe ta a wannan hali ƙara wa wuta makamashi ne. Likita ne kaɗai, bayan ya duba, sau da yawa har da ɗaukar hoton haƙorin, zai iya bambancewa. Haka kuma ba a sa hula a kan haƙorin da ya kusa faɗuwa, ko wanda ya ragargaje har babu abin kamawa. Yaron da fatarsa take ƙaiƙayi ko ƙuraje idan ya sa agogon ƙarfe ko 'yan kunne yana iya kasancewa jikinsa ba ya shiri da nikel, saboda haka wajibi ne a sanar da likita. Haka nan mai ciwon zuciya.

Iyaye kan tambaya ko sai an koma an cire hular. Ba sai an koma ba. Saiwoyin haƙorin suna narkewa kamar yadda aka saba, ranar famfara kuma haƙori da hularsa tare suke faɗowa. Wasu kuma launinta ne ba ya yi musu. Akwai farar hula ta wani tangaran mai suna zakoniya, sai dai ta fi tsada, kuma sai an fere haƙori sosai kafin ta shiga. Ga manya, hular ƙarfe ta wucin gadi ce. Akan sa ta a turmin girma na farko idan ya fito da raunin inamel, kafin yaron ya girma a yi masa ta dindindin.

Ya kamata kuma a bambanta aikin likita da na masu sa haƙorin ado. Duk murfin da bai zauna daram ba, ko na zinariya ne, yana tara abinci a ƙarƙashinsa, ya ruɓar da lafiyayyen haƙori a ɓoye. Kayan aikin da ba a dafa su an kashe ƙwayoyin cuta ba kuwa suna iya yaɗa ciwon hanta.

Abin da Ya Rage ga Iyaye da Malamai

A cikin birni, Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata yana da sashen haƙori. A wajen ganuwa kuma, a kan titin Zariya, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a shekarar 1988, inda ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero suke samun horo, kuma akwai masu kula da haƙoran yara musamman. Babbar matsalar ita ce jinkiri. Yawanci ba a kai yaro sai kunci ya kumbura, bayan an gama gwada kanumfari da gishiri. Kanumfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, domin akwai wani mai a cikinsa da likitoci ma suke amfani da shi, amma ba ya tsayar da ruɓa. Cusa ƙwayar asfirin ko ruwan batir a kogo kuwa ƙona dasashi kawai yake yi. Hular ƙarfe ta mai zuwa da wuri ce, tun haƙori bai fara ciwo ba. Uban da ya kai ɗansa asibiti yana da haƙƙin ya tambayi likita ko haƙorin zai cetu, kafin a yanke shawarar cirewa.

Malamai suna da rawar da babu mai taka ta sai su. Su ne suke ganin yaron da yake tauna da gefe ɗaya, da wanda yake dafe kunci a aji, da wanda yake gyangyaɗi saboda bai yi barci ba. Kalma ɗaya daga malami zuwa ga iyaye tana iya ceton haƙori. Ɗaliban sakandare kuma su ne yayye a gida. Ɗaga leɓen ƙane a duba ko akwai farin tabo ko baƙin rami ba ya ɗaukar minti guda.

Kammalawa

Hular ƙarfe tana ceton haƙorin da aka sa wa ita ne kaɗai. Sauran goma sha tara suna nan a buɗe ga asid. Saboda haka rigakafi ya fi magani. A goge wa yaro baki sau biyu a rana, musamman kafin barci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda yake ƙara wa inamel juriya. Ga wanda bai kai shekara uku ba, a shafa kamar ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake. A tofar bayan gogewa, kada a kurkure da ruwa, domin fuloraid ya zauna ya yi aiki. Asuwaki yana kankare dauɗa sosai, kuma haɗa shi da man fuloraid ya fi barin ɗaya. A tara kayan zaƙi a lokacin cin abinci, kada kuma a kwantar da jariri da bulumboti mai sukari a baki.

Badalar Kano ba a rana ɗaya ta zube ba. Ruwan damina ne da masu ɗibar ƙasa suka yi ta cin ta kaɗan-kaɗan, kowa yana ganin ɗan abin da ya ɗiba ba komai ba ne. Haka haƙori yake zubewa. Bambancin kawai shi ne, a fagen haƙori kimiyya ta samar da abin da zai tsayar da ɓarnar, da sharaɗin a kai yaro tun ginin yana tsaye.